Gawa Mai Shisshigi

Wani mai gyaran fanka ne, ku matso ku ji, don ni ba na maimaita magana. Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya faɗa da kowa. Jarabarsa ɗaya ce tak a duniya, fim ɗin tsoro. Kuma ba irin wanda ƙofa za ta yi ƙara a tashi ba. Shi sai wanda aljani zai ɓullo ta bango ya cafke mutum ya tsinke masa kai, jini ya yi tsiri har silin, hanji ya zubo ana takawa ana santsi. In aka yi minti goma ba a ɓalle wa kowa hannu ba, sai ya ja tsaki ya ce an raina masa hankali.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, fankoki a rataye ta ko'ina, wata ba fiffike, wata ba kai, wayoyi sun cakuɗe a ƙasa. A tsakiyar tarkacen nan ya kafa 'yar talabijin. Da safe zai buɗe shago, ya kunna fim, ya ɗauko abin kwance noti, ido na kan talabijin hannu na kan fanka. Akwai wata tsohuwa da ta kawo gyaran dutsen guga, ta shigo daidai ana ƙwaƙule wa wani ido da cokali. Har yau dutsen gugar yana shagon, ba ta dawo ba.

Kuma ba ya iya kallo da baki a rufe. Sai ka ji shi daga titi yana yi wa 'yan fim faɗa, kada ki shiga ɗakin nan, ke wace irin doluwa ce, ba ki ga labule na motsi ba. In an cinye ta kuma ya ce ai ya gaya mata.

Matarsa ta taɓa tambayarsa wai me yake ji a wannan ƙazantar. Ya ajiye cokali, don a gaban fim ɗin yake cin abinci, ya ce, "Ke ba za ki gane ba. In na ga an zare wa mutum ƙashin baya yana ihu, sai in ji ciwon bayana ba komai ba ne. Kuma tsoron fim daɗi gare shi, kin san ƙarfe nawa zai ƙare."

Ta ce Allah ya shirye shi, ta kwashe kwanukanta.

To wata rana da hantsi sai ga wani mutum mai ƙaton gilashi da hular hana sallah, da mutum biyu a bayansa suna nishi, sun ɗauko wata shirgegiyar fanka. Ashe darakta ne. Fim ɗin tsoro suke ɗauka a wani tsohon gida da ke bayan layin, kuma da fankar nan ake kaɗa labule da gashin 'yan wasa duk lokacin da aljani zai bayyana. Ta ƙi tashi, aiki ya tsaya.

Gogan naku da ya ji haka sai ya watsar da abin da ke hannunsa ya hau aiki. Minti ashirin ya tayar da fankar, abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba. Darakta ya sa hannu a aljihu, shi kuwa ya riƙe hannun ya ce ba ya son ko sisi. Abu ɗaya yake roƙo, a sa shi a fim ɗin.

Darakta ya tambaye shi ko ya taɓa wasa. Ya ce bai taɓa ba, amma ya ga mutuwa ta fi dubu uku, ba irin wadda bai sani ba. Darakta ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya ce akwai gurbin gawa guda, ranar Asabar. Kwanciya kawai zai yi a ƙasa, kyamara ta bi ta kan fuskarsa, shi ke nan.

Kafin azahar duk layin an ji. Mai shayi ya ji, tela ya ji, mai faci ya ji har sau uku. Bai tsaya nan ba, ya rufe shago ya nufi gidan surukinsa. Surukin nan tsohon malamin makaranta ne, mutum mai tsare gida, wanda tun ranar da ya ba shi 'yarsa bai taɓa kiransa da wani abu ba sai "mai fanka". Gogan ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo da albishir, fuskarsa za ta fito a fim, ƙatuwa, ta cika bango.

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "A me za ka fito?"

"A gawa, Baba."

"To, ba laifi. Wannan kam za ka iya, tun da ba aiki a ciki."

Maganar ta ƙona masa rai, wallahi ta ƙona masa rai. A nan take ya rantse cewa ranar da za a haska fim ɗin shi da kansa zai zo ya ɗauki Baba, ya zaunar da shi a layin gaba, ya ga fuskar mai fanka ta cika bango. Tsohon ya ce Allah ya kai mu.

Daga ranar ya fara atisaye a gida. Matarsa ta fito daga kicin ta same shi shame-shame a tsakar ɗaki, baki a buɗe, harshe a gefe. Ta tsallake shi ta ɗauki tsintsiya. Ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ta ko ya yi kama. Ta ce ya ɗaga ƙafa za ta yi shara. Kwana na biyu ya ƙara da tumatirin gwangwani, ya shafe wuya da ƙirji, ya kwanta a bakin ƙofa. Maƙwabciyarsu ta shigo aron turmi ta yi tuntuɓe da shi, ta saka salati ta ɗora hannu a ka. Shi kuma don murna ya tashi zaune ya ce mata na gode. Sai da aka yayyafa wa matar ruwa. Mijinta ya yi wata guda ba ya amsa masa gaisuwa.

Ranar Asabar tun kafin 'yan fim su iso yana bakin ƙofar tsohon gidan, ya sha wanka har da turare, gawa guda. An toshe tagogi da baƙin ƙyalle don a ce dare ne, alhali rana na tsakiyar ka, ɗakin kamar tanda. Mai kwalliya, wata mata mai ƙiba da ba ta son surutu, ta zaunar da shi a kan bokiti ta fara aiki. Ta shafe masa fuska da farar hoda, ta zana masa yanka daga kunne zuwa kunne, ta yaga rigar da aka ba shi ta cusa masa wani tiyo mai laushi da aka tsoma a jan ruwa, wai hanji.

Ya duba hanjin ya ce ya yi kauri, wannan ai na saniya ne. Ya lakaci jinin ya ɗanɗana, ya ji zaƙi, ashe sukari ne aka dafa da kala. Ya ce jinin ya yi ja da yawa, wanda ya kwana ya kamata ya yi duhu. Mai kwalliya ta ce masa in bai rufe baki ba za ta samo na gaske a jikinsa.

Aka kwantar da shi a tsakiyar ɗaki. Darakta ya tsuguna ya yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai magana da ɗan yaye. Jarumar fim ɗin za ta shigo da fitila, ta ga gawa, ta yi ihu. Aljani zai fito daga cikin kabad ta bayanta, ya kama abokin tafiyarta ya cire masa kai. Kan roba ne, akwai mai matsa jini ta bayan labule. Gawa ba ruwanta da duk wannan. Gawa ba ta motsi, ba ta kallo, ba ta magana.

Gogan ya ce haba darakta, wa ake koya wa.

Aka kunna fankarsa, labule ya hau kaɗawa. Darakta ya ce a fara. Jaruma ta shigo, ta yi ihunta. Kabad ya buɗe, aljani ya fito, wani dogon mutum da aka liƙa wa ƙaho da haƙora har haɓa. Ya kama wuyan abokin tafiyar ya fara murɗawa. Sai mai kyamara ya ɗago kai ya ce, darakta, gawa tana kallo.

Aka duba. Gawa ta dogara da gwiwar hannu, ido tar, baki a washe.

Darakta ya ce, "Malam, me kake yi?"

"Yi haƙuri. Nan ne wajen da ya fi daɗi, ban taɓa gani kusa haka ba."

Aka goge jini, aka mayar da kan roba, aka sake cika gorar matsawa. Wannan kaɗai ya ci kusan awa guda. Darakta ya ce ya runtse ido gam, kome ya ji kada ya buɗe. Gogan ya ce an gama.

Aka sake farawa. Ido a rufe kam, ba a ce bai cika alkawari ba. Jaruma ta shigo, ta yi ihu, ta fara ja da baya, tana ja da baya, tana nufar kabad. Shi kuwa yana jin takunta. Ya cije leɓe. Ya damƙe hanjinsa. Abin ya fi ƙarfinsa. Sai aka ji murya daga ƙasa, ƙasa-ƙasa, ta gefen baki:

"Baiwar Allah, ba ta nan ba. Yana cikin kabad."

Jaruma ta fashe da dariya har ta saki fitila. Aljani ya leƙo daga kabad ya tambaya ko ya fito ne ko ya koma, don zafi na neman kashe shi a ciki. Darakta ya cire hula ya buga da ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe, ya sake bugawa. Ya ce shekararsa goma sha biyu yana wannan sana'a, ya yi aiki da jarirai, ya yi aiki da akuya, bai taɓa haɗuwa da gawa mai ba da shawara ba.

Gogan ya ce ai taimako ne, yarinya ce ƙarama. Darakta ya nuna shi da yatsa ya ce saura dama ɗaya. In ya ƙara ko da tari ne, za a kwantar da buhu a wurin a rufa masa zane, buhu ba ya magana.

Nan fa gogan ya ga abin ba wasa ba ne. Ya tuna surukinsa da tabarau, ya tuna mai shayi da tela da mai faci. Ya kwanta ya mutu, mutuwa ta gaske-gaske. Cinnaku suka ji ƙanshin sukari suka yo layi suka shige masa riga, bai motsa ba. Ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya yi yawo ya gaji ya tashi, bai motsa ba. Jaruma ta yi ihu, kabad ya buɗe, aka cire kai, jini ya yi feshi har a fuskarsa, ko gezau. Darakta a bayan kyamara har ya fara murmushi. Abin da ya rage kawai aljani ya tsallake gawar ya fita, kyamara ta sauka a kan fuskarta, a tashi.

To a nan ne ilimi ya yi masa yawa. Yana kwance yana lissafi a ransa. Duk fim ɗin da ya taɓa gani, mutumin da aljani ya yanka daga kunne zuwa kunne ba ya zama a mace. Dole ya tashi. Ƙa'ida ce. Ya ce a ransa lallai darakta mantawa ya yi, kuma in aka bar wannan kuskuren masu kallo za su zage su. Gara ya fitar da su kunya.

Aljani ya ɗaga ƙafa zai tsallake. Gawa ta buɗe ido, ta yi wani gurnani, ta cafke masa idon sawu da hannu biyu.

Jama'a, aljanin nan ashe shi ne matsoracin duk cikin tawagar. Ya ƙwalla ƙara yana kiran uwarsa, ya fizge ƙafa, ya yi karo da fitilar ɗauka, fitila ta faɗa kan fanka, fanka ta kama labule ta naɗe. Ya fita titi a guje da ƙaho da haƙora da kan mutum a hannu, rana tsaka. Mai faci na cikin duba taya a ruwa ya ɗago ya gan shi. An ce a ranar ya bar bahon ruwa da taya da mai mota, sai washegari aka gan shi.

Gogan naku ya tashi zaune, hanji na reto, ya dubi darakta ya ce, "Ka ɗauka kuwa? Ko in sake?"

Mutum uku ne suka riƙe darakta.

Da ƙura ta lafa aka ce ya cire musu hanjinsu ya kama gabansa. Nan ya zube, ya kama ƙafar darakta, shi ma ya fizge don abin ya zama abin tsoro. Ya yi magiya, ya ce ya rantse a gaban surukinsa, in bai fito a fim ɗin nan ba gara ya bar garin. Har hawaye, suna wanke hoda suna gangarowa cikin yankan. Ni kaina da aka ba ni labarin na ji tausayinsa a nan, kaɗan.

Mai kwalliya ce ta kawo mafita. Ta ce akwai wurin da aljani zai ja wata gawa zuwa ƙarƙashin gado, a yi da shi. Aka cire masa takalmi, aka naɗe shi cikin bargo tun daga kai, aka ɗaure da igiya a wuri uku, aka cusa masa tsumma a baki don kada a samu shawara. Aka lallaso aljani ya dawo, bayan an rantse masa cewa an ɗaure mutumin. Ya ja shi sau ɗaya, aka ce ya yi. Da aka kwance shi ya tambayi darakta ina batun fuska. Darakta ya ce kada ya damu, fuskarsa sun ɗauke ta tun da farko, har ta yi musu yawa.

Bayan wata uku aka sa ranar haska fim, da la'asar, a wani babban zaure. Gogan ya ɗinka sabuwar riga. Ya ɗauko surukinsa a mota har ƙofar zauren, ya zaunar da shi a layin gaba, matar gogan a gefe. Mai shayi da tela suna baya. Mai faci ya ce ba zai zo ba ko da kyautar mota za a ba shi.

Aka kashe fitilu, fim ya fara. Duk gawar da aka nuno sai ya zabura ya taɓa gwiwar tsohon ya ce, Baba ga ni nan. Sai a haska fuskar a ga wani ne. Ya ce to ta gaba ce. Aka zo ɗakin kabad, ya miƙe tsaye, na baya suka ce ya zauna. Jaruma ta shigo da fitila, ta haska ƙasa, ga gawa an rufa mata zane. Shi kaɗai a zauren ya san buhu ne. Ya koma ya zauna a hankali. Surukin ya duba agogo.

Saura kaɗan fim ya ƙare sai ga aljani yana jan wani abu cikin bargo. Kyamara ta bi bargon a hankali, ta gangara, ta gangara, ta tsaya a kan ƙafa. Ƙafa ɗaya, ta cika bangon zauren daga sama har ƙasa.

Faso ne a dunduniyar, rami-rami, wani ya haye wani, har kana iya ɓoye tsaba a ciki. Farcen babban yatsa ya yi baƙi ya lanƙwashe ya koma yana kallon mai shi. Ƙaramin yatsan ya hau kan na kusa da shi ya yi zamansa. Tsakanin yatsun kuwa ba zan faɗa ba, wasunku yanzu suka ci abinci.

Zauren da aka cire kai bakwai a gabansa ana ta shewa, sai ga shi ya kaure da ihu na gaske. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido ta rufe nata. Tela ya fita waje neman iska. Surukin, mutumin da ko a jana'iza ba a taɓa ganin ya girgiza ba, ya cire tabarau ya kifa fuska a cikin hula.

Da aka kunna fitilu mutane suka yi caa a kan mai kwalliya. Wannan ya ce da roba ta yi, wancan ya ce a'a, ƙafar wata dabba ce aka gyara. Wani ya tambaye ta kwana nawa ta yi tana haɗawa. Surukin da kansa ya taka ya je ya ce mata, 'yata, Allah ya yi wa hannunki albarka, amma ki ji tsoron Allah, akwai masu hawan jini.

Gogan ya kutsa tsakiya yana dukan ƙirji, ya ce, "Baba, ni ne. Ƙafata ce. Wallahi ni ne a cikin bargon."

Tsohon ya mayar da tabarau ya ce, "Mai fanka, ka ce fuska, ba mu ga fuska ba. Yanzu kuma za ka ƙwace wa baiwar Allah aikinta? Wannan ba ƙafar ɗan Adam ba ce."

Gogan ya sunkuya zai cire takalmi, mutane suka ce a'a, a'a, ya bari. Ya juya wajen matarsa kamar zai yi kuka, ya ce ta dubi girman Allah ta gaya musu gaskiya.

Ta gyara mayafinta, ta ɗauki jakarta, ta ce, "Tasa ce, Baba. Ku minti ɗaya kuka gani kuke ihu. Ni shekara tara ke nan kullum ana haska mini, kuma ba mai kashewa."